Shekarar da Gangamaun Baba Ya Zauna a Kwalba

A gidan nan namu na Nima akwai magana biyu da ake faɗa a kaina, kuma na san duk kun ji su, don an fi faɗarsu ranar suna ko biki, lokacin da ake tsammanin ina can baya wajen tukwane. Ta farko, wai ni ce na sassare gangamaun kakanku har ya mutu. Ta biyu, wai taurin kai ne ya sa na rasa rumfar Goggo Zenabu ta Kasuwar Malam Atta, rumfar da ƙanwata Adiza ta gina bene da ita. Ta biyun akwai ƙamshin gaskiya a cikinta. Ta farkon kuwa yayana Seidu ne ya fara faɗarta da wasa, har ta zauna a bakin mutane. Duka biyun a shekara ɗaya suka faru, shi ya sa zan tsaya a kanta, in ƙyale zancen makarantun da na yi da waɗanda na gudu daga cikinsu.

Kakanku, Baba Issaka, mai magani ne. Ba ya duba, ba ya rubutun sha. Saiwa da sassaƙe da ganye kawai ya sani, ya gaje su daga uwarsa, wadda ta yi fataucin goro tsakanin tsaunukan Kwahu da Zongo Lane kafin su dawo Nima da zama. A cikin kayan da yake shimfiɗawa a tabarmarsa a bakin titi, ba abin da ake nema kamar gangamau. Kada ku ɗauka wanda 'yan Najeriya ke dakawa cikin kayan yaji ne. Namu wani yaɗo ne mai nannaɗe duk abin da ya samu, Asante suna ce masa nibima, saiwarsa in an karya launin ɗorawa ce, ana dafa ta a sha don zazzaɓi. Yawancin wanda Baba ke sayarwa daga daji ake kawo masa a buhu. Amma a tsakar gidanmu, gindin katangar gabas, akwai guda ɗaya da Kaka, uwar Baba, ta dasa da hannunta. Wannan ba a haƙarsa sai don ɗan gida, shi ma gefe ɗaya, a mayar da ƙasa a yayyafa ruwa. Mu da muka tashi a gidan mun sha duka a kan wannan yaɗo fiye da yadda muka sha a kan karatun allo.

A lokacin na haifi uku daga cikinku, ina aiki a wani wurin binciken tsirrai da ke wajen gari. Kullum in hau trotro, motar hayar nan tamu, a Kawukudi da sassafe, in dawo ana kiran magariba. Da wankin kwalabe aka ɗauke ni. Shekara huɗu ba abin da nake yi sai in wanke, in jera su a tukunyar tururi mai kashe ƙwayoyin cuta, in fitar in kife. Daga nan shugabar ɗakinmu, Dakta Afua, wata doguwar mace da ake jin dariyarta tun daga bakin ƙofa, ta koya mini dafa abincin tsiro: ruwa da sukari da wasu gishirai da ake aunawa a ɗan ƙaramin sikeli, sai wani gari da ake kira aga, wanda ke sa ruwan ya daskare kamar agidi. Sannan ta zaunar da ni gaban wani tebur da iska mai tsabta ke busowa daga cikinsa, ta ba ni hantsaki da 'yar wuƙa, ta nuna mini yadda ake yanko gaɓar tsiro mai ido ɗaya, a wanke ta, a dasa a kwalba a rufe. Idon nan ɗaya, in an sa masa sinadarin da ke sa reshe, sai ya fito da 'ya'ya biyar ko shida. A raba su, kowanne ya sake haihuwa. Babbar abokiyar gabarmu fumfuna ce. Ka yi numfashi a inda bai dace ba, kwana uku kwalba ta yi farin gashi. Allah ya ba ni hannu, nawa kwalaben ba kasafai suke lalacewa ba. A gida kuwa ba wanda ya fahimci aikin. Mma, mahaifiyarmu, takan ce wa maƙwabta, "Memuna noma take yi a cikin kwalba," su yi dariya su ce Allah ya kawo damina mai albarka.

Shekarar ta fara da abu biyu. Buhunan daji suka fara zuwa da saiwa sirara kamar tsinken tsire, don masu haƙa sun bi daji sun tumɓuke manya, kuma tun da saiwar ake so, wanda aka haƙa ya tafi ke nan. Sai kuma Seidu ya ce zai ja ɗaki biyu a jikin katangar gabas, ya shafe tsakar gida da siminti saboda ruwan da ke kwanciya da damina. Ba mugunta ba ce. 'Ya'yansa biyar a ɗaki guda suke kwana, kuma kun san Nima, ba inda mutum zai miƙe ƙafa sai ya taɓa bangon wani. Aka yi wata biyu ana ja-in-ja. Baba ya gwada dasa reshe a gwangwani har sau uku, duk suka ruɓe. Yaɗon ya tsufa, ya daina yin iri. Saiwarsa kuma ta shige ƙarƙashin katanga, ba yadda za a ciro shi gaba ɗaya.

Wata Asabar bayan la'asar na sami Baba yana tsince sassaƙe a tabarma, na durƙusa.

"Baba, ka ba ni gaɓa bakwai in kai wurin aikinmu."

"Ki kai wa wa?"

"In sa a kwalba. In Allah ya so, bakwai su zama ɗari."

"Uwata ta sauko da shi daga kan dutsen Kwahu a ƙunshe cikin zanenta, ke kuma za ki sa shi a kwalba kamar turare." Ya ci gaba da tsintarsa, can ya ɗago. "In ya shiga hannun masu farar riga, na wa ya zama?"

Na ce zan tambaya. Dakta Afua ta ce aikin ɗakinmu na ayaba ne da abarba, gangamau ba ya cikin lissafin kowa, amma za ta ba ni shelf ɗaya, wato kantar jera kwalabe, da sunana, in dai ni zan kula da shi bayan na gama aikina. In ya yi, rabi na Baba, rabi kuma a kai wa manoman kan dutse su dasa, ko daji ya huta. Na dawo na faɗa masa. Ranar Litinin da safe, ina ɗaura ɗankwali zan fita, na gan shi tsaye gindin yaɗon da askarsa. Shi da kansa ya yanka, da bismillah a kan kowace gaɓa, ya naɗe su a jiƙaƙƙen tsumma ya miƙo mini. Ni hannuna bai taɓa wuƙa a kan wannan yaɗo ba. Bayan sati uku magina suka zo haƙa tushe, shebur ya datse babbar saiwa, aka ɗauke kututturen aka sa a rabin duro, bai yi wata ba ya bushe. Wannan ita ce mutuwar gangamaun Kaka, duk wanda ya faɗa muku wata ya ƙara gishiri.

Daga ranar duk abin da ya rage na wannan shuka a duniya yana kan shelf ɗina. Cikin gaɓa bakwai, huɗu suka yi baƙi ko fumfuna ta cinye. Uku suka tsira. Ukun nan kuwa sai suka kama haihuwa kamar suna gasa, wata uku shelf ya cika da kwalabe, kowace da tsirrai koraye shar a tsaye ƙarƙashin fitila. Sai dai ko ɗaya ba shi da saiwa. Sinadarin da ke sa reshe hana saiwa yake yi, kuma tsiron da ba shi da saiwa, in ka fitar da shi ka sa a ƙasa, kafin azahar ya kwanta. Don haka sai an canza masa abinci, a cire na reshe, a sa na saiwa. Iri biyu muke da su, da haruffa ake kiransu, ɗaya IBA, ɗaya NAA, kuma abin da ake sawa bai kai abin da zai maƙale a bakin allura ba. Dakta ta tsara mini layi-layi: kaɗan, matsakaici, mai yawa, da layin da ba a sa komai ba. Na jira sati huɗu. Waɗanda suka sha NAA gindinsu ya kumbura ya yi ƙullutu fari kamar ɗanyen rogo, ganye ya yi rawaya ya zube. Na IBA kuwa wasu suka tsaya yadda aka sa su, wasu suka fito da zare ɗaya siriri wanda da ka taɓa ya tsinke. Muka sauya awo muka sake. Sati huɗu kuma, abin bai sake zani ba. Kowane gwaji tsirrai yake ci, kuma waɗanda suka rage dole duk wata a sauya musu sabon abinci, in ba haka ba su bushe a cikin kwalbar.

Ana cikin haka Goggo Zenabu ta zo gidanmu wata Juma'a. Yayar Baba ce, ta fi shekara arba'in tana sayar da shinkafa da mai da albasa a Malam Atta, Allah bai bar mata ɗa ko ɗaya ba, kuma ni ta goya ina ƙarama. Ta zauna a kan sabon simintin Seidu, ta miƙe ƙafafu, ta sa aka kira ni. Goggo Hausar Zongo zalla take yi, mace da namiji duk "kai" ne a wurinta.

"Memuna, bayan Layya ka zo ka karɓi makulli. Gwiwa na ya gama aiki."

"Goggo, ki ba ni wata shida."

"Kasuwa na jiran mutum ne? Sati biyu ba su ga rumfa a buɗe ba, duk masu saye na sun koma wurin Maame mai rumfa na gaba."

"Akwai aiki a hannuna. In na bari zai mutu."

"Ciyawa."

"Gangamaun Kaka ne, Goggo."

"Uwa na ne kafin ya zama kakan ka. Da shi ma yana nan, rumfa zai ce ka ɗauka."

Gaskiya ta faɗa, kuma na sani. Rumfar nan ba ƙaramin abu ba ce, tana bakin hanyar da masu abincin sayarwa ke bi, duk macen da ta zauna a cikinta ta huta da zancen me za a ci gobe. Amma na kuma san ranar da na ajiye aiki, satin nan za a share shelf ɗina a jera ayaba, don ba wanda zai zauna bayan an tashi yana yi wa ciyawar wani hidima. Na tambayi babanku, a lokacin yana ɗinki a Maamobi. Bai ko tsayar da keken ba.

"In kin ɗauki rumfa za mu ci shinkafa kullum. In kin zauna da kwalabe za mu riƙa jin labari mai daɗi. Ni duk wanda kika kawo ina so, amma kada ki dawo bayan shekara goma ki ce ni na zaɓa miki."

Na yi ta juya abin har Layya ta wuce. Ranar da aka koma aiki, maimakon in tsaya a Kawukudi sai na wuce Malam Atta da ƙafa. Na sami Goggo tana auna wa wata mata shinkafa. Na gaishe ta, na ce ta yafe mini, ba zan iya karɓa ba. Ba ta ɗago ba. Ta gama awo, ta ɗaure leda, ta ba matar gyara, sannan ta ce wa mai albasar da ke kusa da ita, "Ka ce masa na ji." Kafin sati ya zagayo makulli yana hannun Adiza. Daga ranar kuma, in na gaishe da Goggo, wanda ke kusa da ni take amsa wa, ko da kuwa jariri ne a goye.

Baba bai goyi bayan kowa ba. Abin da kawai ya ce shi ne yana so ya ga da idonsa abin da aka ƙi rumfa saboda shi. Na nemi izini, Dakta ta ce ya zo. Ya sa babbar rigarsa ta Juma'a, muka hau trotro, ya zauna gaba kusa da direba yana gaya masa maganin ciwon baya tun daga Kawukudi har muka sauka. A ƙofar ɗakin aka ce ya cire takalmi, ya wanke hannu har gwiwa, aka ɗora masa farar riga a kan babbar rigar, ta ƙi rufuwa.

"Wannan ai alwala ce," in ji shi, "niyya kawai ta rage."

Da muka shiga ɗakin fitilu, ya bi layin ayaba da abarba bai tsaya ba, sai da ya zo shelf ɗina, ban ma nuna masa ba. Ya ɗauki kwalba ɗaya da hannu biyu, ya kai ta kusa da ido, ya daɗe yana duban ganyen. Ya ce a hankali, "Shi ne." Sannan idonsa ya kai kan masu ƙullutu. Baba ya iya Twi, yaren Asante, saboda sana'arsa, don haka kai tsaye ya juya wurin Dakta.

"Wannan kumburin fa?"

"Maganin saiwa ne, Papa. Muna so ya yi saiwa, sai ya yi wannan."

"Kwana nawa yake sha?"

"A cikin abincinsa yake. Sati huɗu."

"Dare da rana?" Ya dube ni, ya dube ta. "Ni tun ina saurayi nake ba da magani, ban taɓa ce wa mutum ya shiga tukunyar ya zauna ba. A sha kwana uku, a ɗauke, a bar jiki ya yi nasa." Ya ɗaga kwalbar ya leƙa ƙarƙashinta. "Ga haske har gindi. Wace saiwa kika taɓa gani tana fitowa a fili ana kallonta?"

Ni kunya ta kama ni, na so ƙasa ta tsage. Dakta kuwa sai ta fashe da dariyar nan tata, ta jawo wani littafi ta buɗe masa, ko da yake ba ya karatun boko. Ta ce akwai hanya haka: a ba tsiro maganin da ɗan ƙarfi na 'yan kwanaki, sannan a mayar da shi abincin da ba magani, a zuba garin gawayi na musamman a ciki don gindin ya yi duhu ya kuma tsotse abin da tsiron ke fitarwa. Ta ce ta rubuta wannan a matsayin gwaji na huɗu, amma tun da Papa ya yi magana, gobe za a fara. To ga gaskiyar yadda take. Dakta ta san hanyar tun kafin Baba ya taka ɗakin. Baba kuma bai ji ta a wurin kowa ba, daga tabarmarsa ya zo da ita. Ya koma masallacin unguwa ya ba da labari cewa ya je ya koya wa dakta aiki, kuma har ya koma ga Allah ba wanda ya ƙaryata shi. Ita kanta Dakta in ta zo gaisuwar Sallah, "malamina" take ce masa, ya gyara zama ya ce a kawo mata kunu.

Washegari na yanko tsirrai mafi ƙwari, na dasa su a abinci mai IBA fiye da wanda muka saba. Kwana uku cif na cire su, na mayar da su abincin da aka rage wa gishiri rabi, ba magani, baƙi ƙirin saboda gawayi. Matsalar baƙin abinci ita ce ba ka ganin abin da ke faruwa a ciki. Kullum da safe, kafin in ajiye jaka, sai in ɗaga kwalabe ɗaya bayan ɗaya in leƙa ƙasansu. Sati ɗaya ba komai, sai dai ganye bai zube ba, gindi kuma bai kumbura ba. A sati na biyu, wata Litinin, na ɗaga ta uku a layi, sai ga fararen zarurruka sun sauko sun kwanta a jikin gilashi, huɗu, masu kauri, ɗaya har ya fara rassa. Na ɗaga ta gaba, haka. Na fita da kwalbar a hannu ina sauri a baranda ba takalmi, ni da ke yi wa ɗalibai faɗa in sun fitar da kwalba daga ɗaki. Dakta ta duba, ta rungume ni har ɗankwalina ya faɗi. Fiye da rabi suka yi saiwa a wannan karon.

Kada ku ɗauka an gama. Tsiron kwalba ɗan gata ne, bai san iska ba, bai san rana ba, bai taɓa neman ruwa da kansa ba. Sai an wanke masa agar da ke jikin saiwa a hankali, a dasa shi a dafaffiyar ƙasa da aka gauraya da yashi da ɓawon kwakwa, a kifa masa yankakkiyar robar ruwa, a riƙa buɗewa kaɗan-kaɗan har ya saba. Ni zumuɗi ya ɗebe ni. Kwana biyar kawai na kwaso shida na kawo gida don Baba ya gani. Mma ta ga an rufe su da roba, ta ji tausayinsu, ta buɗe musu su sha iska. Kafin in dawo aiki huɗu sun kwanta. Biyun da suka rage, akuyar Malam Fuseini maƙwabcinmu ta shigo ta gama da su a loma biyu. Baba, da shekarunsa, ya bi akuyar nan da takalmi har bakin babbar kwata. Ya dawo yana haki, ya ce aƙalla wannan akuya ba za ta yi zazzaɓi bana ba.

Karo na biyu na yi haƙuri. Sati shida suka yi a rumfar inuwa ta wurin aiki, sai da suka yi sabon ganye a waje suka fara neman abin nannaɗewa, sannan na kawo goma sha biyu. Sai ga wata tambaya: ina za a dasa su, tsakar gida duk siminti? Seidu ne ya warware ta. Da yake ɗakunansa da kankare aka rufe su, ya yanka duro uku biyu-biyu, ya hau da su sama, ya yi kwana biyu yana ɗaukar ƙasa a kai yana hawa tsani, ya ja waya ya ɗaure. Akuya dai ba ta hawa tsani. Rabon Dakta kuma aka kai kan dutse, na je sau ɗaya na ga yadda suka kama sanduna a gonar wata mata, na tsaya ina kallo har direba ya yi ta danna ham.

Shekara biyu Baba bai yarda an taɓa su ba. Tsoronsa, da nawa, shi ne a ce ganyen na Kaka ne amma saiwar ruwa ce, don mutane da yawa sun ce abin da ya girma da sukari ba zai yi ɗaci ba. Ranar da ya ce a haƙa, aka ɗora shi kan tsani Seidu na riƙe da shi ta baya. Ya tona gefen duro ɗaya da yatsa, ya ciro saiwa mai kaurin babban yatsa, ya karya. Ɗorawa sak. Ya gutsura, ya tauna, fuskarsa ta tattare wuri ɗaya, idonsa ya kawo ruwa. Ya miƙa wa Seidu sauran ya ce shi ma ya tauna, tun da shi ya jawo duk wannan wahala. Seidu ya tauna ya yi ta tofarwa, muna ta dariya a ƙasa.

Ba zan yi muku ƙarya ba, har yau in na wuce gaban benen Adiza nakan ɗaga kai in ƙirga tagogi. Ta riƙe rumfar da kyau, ta fi ni iya magana da masu saye, kuma ko sau ɗaya ba ta taɓa yi mini gori ba. Ni kuma na ci gaba da hawa trotro har na yi ritaya, kun yi makaranta da takalman da babanku ya yi ta kai wa gyara. Abin da ya fi yi mini ciwo ba wannan ba ne, shirun Goggo ne. Matar da ta goya ni ta yi Sallah huɗu tana amsa gaisuwata ta bakin wani.

Watanni kaɗan bayan haƙar nan zazzaɓi ya kwantar da ita. Adiza ta kai ta asibiti, aka ba ta magani ta sha, jiki ya yi sauƙi, amma ta ce bakinta ba zai dawo daidai ba sai ta sha na uwarta. Ba ta ce a kira ni ba. Ta dai ce wa Adiza, "Ka ce wa mai kwalabe." Na hau sama na tona, na dafa da kaina, na zuba a kofi na rufe, na tafi da shi Maamobi inda take zaune. Na same ta a tabarma ta jingina da bango, ita kaɗai, ba wanda za ta yi magana ta bakinsa. Na gaishe ta, na miƙa mata kofin. Ta shinshina, ta kurɓa, ta runtse ido, ta daɗe ba ta buɗe ba.

"Ɗaci kamar halin ka," in ji ta.

Ta shanye sauran tas, ta kife kofin. Sannan ta janye ƙafarta mai ciwon gwiwa da hannu biyu, ta buɗe mini wuri a tabarmar.

"Zauna. Ka faɗa mini, ta ina yake shan iska a cikin kwalba?"